YADDA AKE WANKE SHINKAFA DA DAFA TA TA YI WARWARA

Muna gai da mutanen Dutsin-Ma da Kurfi, da na Karofi da Makera da Birchi da Rawayau da Tsauri, da sauran ƙauyukan da ke kewaye. Muna gai da iyayenmu mata musamman, domin zancen yau a gindin murhu yake. Za mu yi magana ne a kan shinkafa, yadda ake wanke ta, da yadda ake dafa ta ta yi warwara ba ta caɓe ba.

Wani zai ce, ina ruwan ma'aikatan lafiya da dahuwar shinkafa? To, ku saurara ku ji. Hanyar da ke sa shinkafa ta yi warwara ita ce kuma hanyar da ke tsare amfaninta a cikin tukunya, ita ce ke rage ɓarnar itace, ita ce kuma ke kare iyali daga waɗansu cututtukan ciki. Uwargidan da ta iya wannan dahuwa ta rage wa gidanta zuwa ɗakin shan magani.

Shinkafa A Ƙasarmu

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Akwai irin da aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara, can cikin ƙasar Mali, wajen shekara 3,000 da suka wuce. Danginta ne jar shinkafar nan da aka sani a fadamun Sakkwato da Kabi. Irin da ya fi yawa a kasuwa yanzu kuwa asalinsa daga Asiya ne.

Amma a nan tsakiyar ƙasar Katsina gero da dawa su ne abincin kaka da kakanni. Dattawa sun san lokacin da ba a ganin shinkafa sai da Salla, ko ran suna, ko an yi baƙo mai daraja. Yanzu zamani ya sake. Ana noma ta a fadamu da damina, ga kuma noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaduwa a shekarar 1983. Sa'ad da Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa 'yar gida ta ƙara shiga gidaje. Abin da ake ci kusan kullum kuwa, lalle a san yadda ake sarrafa shi.

Abin Da Ke Cikin Ƙwayar Shinkafa

Ku ɗauki ƙwayar shanshera guda, watau shinkafar da ba a ɓare ba, ku duba. A waje akwai ɓuntu, wanda ba a ci. A ƙarƙashinsa akwai wata fata siririya, ita ce dusa. A can gefe guda akwai ɗan idon da ke tsira in an shuka. A tsakiya kuma sai farar ƙwaya, wadda kusan dukanta sitaci ne.

Sitacin nan shi ke ba mutum ƙarfin aiki. Amma dusa da ɗan idon nan su ke ɗauke da yawancin abubuwan da ke tsare jiki, har da wani sinadari da likitoci ke kira bitamin B1. Jiki yana bukatarsa domin ya juya abinci ya zama ƙarfi, domin jijiyoyi da zuciya su yi aikinsu. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, saboda haka sai an riƙa samunsa a kai a kai. Ku riƙe abu biyu game da shi: yana narkewa cikin ruwa kamar gishiri, kanwa kuma tana lalata shi.

In injin casa ya goge shinkafa ta yi fari fat, yawancin bitamin ɗin ya bi dusa. Ɗan abin da ya rage yana manne a bayan ƙwaya, wanki mai yawa kuwa sai ya tafi da shi.

Labarin Cutar Beriberi

Yadda aka gane haka abin ji ne. A ƙasashen gabas, inda talaka ba shi da abinci sai farar shinkafa, an daɗe ana fama da wata cuta mai suna beriberi. Mutum sai ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi, suna mutuwa, tafiya ta gagara. Wani kuma sai jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, zuciya ta gaza.

A shekarar 1884 wani likitan sojan ruwan Japan, Takaki, ya nuna cewa in aka sake wa matuƙan jirgi abinci, aka rage farar shinkafa aka haɗa da waɗansu abubuwa, cutar sai ta kau. Bayansa wani likita mutumin Holan, Eijkman, yana aiki a tsibirin Jawa, ya lura kajin da ake ba farar shinkafa ƙafafunsu suna shanyewa, in an mayar musu da wadda ba a goge ba sai su warke. An ba shi lambar girma ta Nobel a 1929. A ƙasar Malaya kuma likitoci sun lura leburori Indiyawa masu cin shinkafar gumi ba su cika kamuwa ba, alhali masu cin gogaggiyar fara suna ta kwantawa. Kada ku ce abin na nesa ne kaɗai. A 1988 cutar ta ɓarke da damina a ƙasar Gambiya, nan cikin Afirka ta Yamma, har aka yi hasarar rayuka.

Ba muna tsorata ku ba ne. Gidan da ake cin gero da dawa da wake da gyaɗa yana samun wannan bitamin. Abin da muke nufi shi ne, tun da shinkafa tana ƙara cin wuri a akushi, bai kamata mu riƙa zubar da amfaninta a rariya ba.

Shinkafar Gumi Da Ɗanyar Shinkafa

Kafin a ɗora tukunya, a san irin shinkafar da ke hannu. Shinkafa iri biyu ce a wajen dahuwa.

Ta farko ita ce ta gumi. Masu gumi sukan jiƙa shanshera, su turara ta cikin ɓuntunta, su shanya, sa'an nan a kai inji. Wannan tsohuwar dabara tana da amfani ƙwarai. Ruwa da zafi suna tura bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwaya, inda inji da wanki ba su kai masa da sauƙi. Ƙwayar kuma takan yi tauri, ba ta cika karyewa ba, ƙwari ba su saurin cinta. Launinta yakan ɗan yi ruwan zuma. Ita ce ta dace da dafa-duka, da shinkafa da miya, da garau-garau.

Ta biyu ita ce ɗanyar shinkafa, wadda ba a turara ba. Tana da saurin laushi da danƙo. Ita ce ta tuwo da waina da sinasir. Wanda ya ɗauki shinkafar tuwo ya ce sai ta yi warwara kamar ta gumi, ya ɗora wa kansa wahala.

Masana sun ce sitacin shinkafa kansa kashi biyu ne, akwai mai tsayawa, akwai mai danƙo. Irin da mai tsayawa ya yi yawa a cikinsa shi ke warwara. Shi ya sa doguwar ƙwaya ta fi gajera rabuwa. Haka nan karyayyar shinkafa ta fi saurin caɓewa, domin cikinta a buɗe yake, sitaci yana fita cikin ruwa.

Abu Huɗu Masu Caɓe Shinkafa

Na ɗaya, garin da ke bayan ƙwaya. A inji da cikin buhu ƙwayoyi suna gogar juna, suna fid da gari. In ba a wanke shi ba sai ya dahu ya zama kamar koko, ya manne ƙwayoyin.

Na biyu, ruwa ya yi yawa. Shinkafa ba ta san ƙoshi ba. Ko nawa aka ba ta za ta yi ta sha har ta fashe.

Na uku, yawan juyawa. Ludayi yana karya ƙwayar da ta fara laushi. Wanda ke juya shinkafa a kan wuta tuwo yake tuƙawa bai sani ba.

Na huɗu, wuta mai ƙarfi da yawan buɗe murfi. Ƙasa ta ƙone, sama ba ta nuna ba, sai a ƙara ruwa, a sake ƙarawa, ƙarshe a sami ƙanzo a gindi, kwaɓaɓɓiya a tsakiya, tsakitsaki a bisa.

Yadda Ake Wankewa

Aikin yana farawa tun kafin a taɓa ruwa. A zuba shinkafa a faifai ko tire, a bakace, a tsince tsakuwa da ɓuntu da baƙaƙen ƙwayoyi. Duk abin da aka fitar a bushe ya rage yawan wanki. A kuma shinshina. In tana warin gumi ko ta yi hunhuna, kada a dafa, kada kuma a ce wanki zai gyara ta. Wani hunhuna yana barin dafi mai cutar hanta, wanda ruwa ba ya wankewa, wuta ba ta kashewa.

Sa'an nan uwargida ta wanke hannunta da sabulu. Ta zuba shinkafa a ƙwarya ko roba mai tsabta, ta zuba ruwan sanyi mai kyau, irin wanda za ta yarda ta sha. Ta motsa da yatsu a hankali, ta tsiyaye nan da nan. Ta sake sau ɗaya ko sau biyu. Ruwa 2 ko 3 sun isa. Ba sai ruwan ya yi garau kamar na randa ba, da ya rage fari shi ke nan.

Kada a murje ta da ƙarfi kamar ana wankin tufa, wannan yana karya ƙwaya. Kada kuma a bar ta cikin ruwa a tafi wani aiki, sa'an nan a zo a zubar da ruwan, domin bitamin ya riga ya narke a ciki.

'Yar gida mai tsakuwa sai an rege ta. A sa ta a ƙwarya da ruwa, a riƙa karkaɗawa a hankali ana karkata bakin ƙwaryar, shinkafa tana gangarawa cikin wani mazubi, tsakuwa da yashi suna zama a gindi saboda nauyinsu. A yi haka sau biyu. Wannan aiki ba abin rainawa ba ne. Haƙorin babba in ya karye ba ya sake tsira, haƙorin da ya tsage kuwa ƙofar ciwo ne. Iyaye su koya wa 'ya'yansu rege tun suna ƙanana.

In an gama, a juye a gwagwa ko kwando ta tsane sosai. Ruwan da ya maƙale a jikinta yana ɓata awo.

Yadda Ake Dafawa

Asirin dahuwar shinkafa awo ne. Abin da aka auna shinkafa da shi, da shi za a auna ruwa, ko gwangwanin madara ne, ko kofi, ko kwano.

Ga shinkafar gumi, awo 1 na shinkafa, awo 2 na ruwa. Ga ɗanyar fara in ana son cinta da miya, awo 1 na shinkafa, awo 1 da rabi na ruwa. Sabuwar shinkafa ta kaka ba ta shan ruwa kamar wadda ta daɗe a ajiye, sai a ɗan rage mata. In an sayo sabon iri, a fara da ƙaramin awo a ga halinta. Gara ruwa ya kasa da ya yi yawa, domin ana iya ƙarawa, ba a iya ragewa.

Ga yadda za a bi:

1. A sami tukunya mai kauri, mai murfin da ke rufuwa ruf. Kada shinkafa da ruwa su wuce rabinta, domin shinkafa tana kumbura wajen ninki 3.

2. A zuba ruwan da aka auna, a sa gishiri kaɗan. In ana so a sa cokali guda na man gyaɗa, yana taimakon ƙwayoyi su rabu.

3. In ruwa ya tafasa a zuba shinkafa, a juya sau ɗaya tak, a bari ta sake tafasa.

4. A rufe, a janye itace, a bar garwashi da ɗan harshen wuta. Mai gawayi ya rage gawayi, mai risho ko gas ya mai da wuta ƙasa.

5. Kada a buɗe. Ta gumi tana bukatar minti 20 zuwa 30, ɗanyar fara wajen minti 15. Sa'an nan a duba. In an ga 'yan ramuka a samanta, ruwa kuma ya tsotse, a murza ƙwaya guda da yatsa. In ba ta da tsakitsaki, ta nuna.

6. A sauke, a bar ta a rufe minti 10. A wannan hutu ne tururi ke ratsa ta, ta sama da ta ƙasa su daidaita.

7. A buɗe, a ɗaga ta a hankali da cokali mai yatsu ko bakin mara, tururi ya fita.

In ruwa ya ƙare ba ta nuna ba, a yayyafa ruwan zafi kaɗan a sake rufewa. In kuwa ruwa ya ɗan yi yawa, a buɗe murfi a bar ta a kan garwashi, kada a taɓa ta, har ya tsane. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse ya sha romonsa, balle shinkafa.

Ku lura, a wannan hanya ba a zubar da ko ɗigon ruwa ba. Duk abin da ya narke ya koma cikin ƙwaya. Itacen da aka ƙona kuma kaɗan ne, hayaƙin da uwargida da goyonta suka shaƙa ya ragu.

Al'adu Uku Da Ya Kamata A Gyara

Ta farko, tafasa shinkafa cikin ruwa mai yawa, a tsiyaye a zubar, a sake ɗorawa. Gaskiya ne tana yin warwara, amma amfani mai yawa ya bi ruwan. In dole ta sa aka tsiyaye, kada a zubar. A sa shi a miya ko a kunu. Ruwan dafaffiyar shinkafa da ɗan gishiri yana cikin abubuwan sha da ake ba mai gudawa a gida, kafin a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti, a kai shi ɗakin shan magani.

Ta biyu ta fi haɗari, watau ɗauraye dafaffiyar shinkafa da ɗanyen ruwa domin ta rabu, a kai wa mutane haka nan. Wuta ta riga ta kashe ƙwayoyin cuta, sai ga shi an mayar da su da hannu. Ruwan rijiya ko na rafi ko na 'yan garuwa yana iya ɗaukar ƙwayoyin kwalara da na zazzaɓin taifot, ko da ido ya gan shi garau, balle da damina. Bayan an sauke tukunya, kada ruwan da bai tafasa ba ya taɓa abinci.

Ta uku, zuba kanwa a shinkafa da wake domin wake ya yi saurin nuna. Mun riga mun ce kanwa tana lalata bitamin B1. A jiƙa wake tun da wuri, a fara dafa shi shi kaɗai har ya kusa nuna, sa'an nan a zuba shinkafa.

Shinkafar Da Ta Kwana

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, takan biyo shinkafa tun daga gona. Tana da wani irin ƙwai mai tauri wanda tafasa ba ta kashewa. In shinkafa ta dahu aka bar ta da ɗumi-ɗumi, sai ƙwan ya farka, ya yi ta haihuwa, ya zuba dafi. Wanda ya ci sai amai ya kama shi cikin sa'a 1 zuwa 6. Abin tsoro shi ne, ɗumame ba ya kashe wannan dafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. Ku tuna da zafin bazara a ƙasarmu, watan Maris zuwa Mayu. Saboda haka a dafa daidai cikin iyali. In maigida zai daɗe bai komo ba, a bar rabonsa a kan garwashi da zafinsa. Kula ba ta riƙe zafi yini guda, kada a dogara gare ta tun safe har dare. Mai firiji ya baza sauran a faranti ta huce da sauri, ya sa a ciki, ya ɗumama ta sau ɗaya har ta yi tururi. Inda babu firiji, shinkafar da ta kwana kada a ba yaro ƙarami, ko mai ciki, ko tsoho, ko majinyaci. Wadda ta yi yauƙi ko tsami a zubar. Masu biki da masu sayad da abinci a tasha da ƙofar makaranta su fi kowa kiyaye wannan.

Inda Laushi Ke Da Amfani

Kada a ɗauka mun ce shinkafa mai laushi ba ta da wuri. Jariri nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6. Daga nan in za a ba shi shinkafa, sai a ɗebi tasa a ƙara mata ruwan zafi ta yi luguf, a dame da wake ko ƙwai ko kifi marar ƙaya ko garin ƙuli-ƙuli, da ɗan mai da ganye. Shinkafa zalla tana cika ciki, ba ta gina yaro. Haka nan tsohon da ba shi da haƙori, da wanda ya tashi daga ciwo.

Mai ciwon sukari kuwa, ta gumi mai warwara ta fi masa, domin ba ta saurin hawar da sukarin jini kamar lugubgubar fara. Duk da haka ya ci kaɗan, ya haɗa da wake da ganye, ya bi abin da likita ya gaya masa.

Abin Tunawa

To, jama'a, ga taƙaitawa. A zaɓi shinkafar da ta dace da girkin. A tsince, a rege, a wanke sau 2 ko 3 da ruwa mai tsabta. A auna ruwa, a rufe tukunya, a rage wuta, a bar juyawa. Kada a zubar da ruwan dahuwa, kada a ɗauraye da ɗanyen ruwa, kada a ajiye ta daɗe. A haɗa ta da wake da ganye, kada kuma a yar da gero da dawa.

Maigida, kai ma da naka aikin. Ka sayo mai kyau, ka ajiye buhu a kan katako nesa da danshi, ka tanadi ruwa mai tsabta. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai tambaya kuma ya tambayi malamin asibiti ko unguwarzoma ran da ya zo ɗakin shan magani.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai wani jiƙon.